Kafin Ka Yarda a Yi Maka Fomatin

Akwai kalmomi biyu da ke kashe wa ɗalibin shekarar ƙarshe jiki fiye da ganin kari-oba a allon sanarwa, su ne: "Sai fomatin." Laftof ta ƙi tashi, ko ta tsaya tana juya ɗige-ɗigen nan ba iyaka, ko ta watso maka shuɗin allo. Ka ɗauke ta ka nufi shagon gyara, mai gyara ya danna nan ya danna can na minti biyu, sai ya ɗago kai ya faɗa maka su. Kai kuma hankalinka na kan babi huɗu na furojet ɗinka da ke ciki, da alƙaluman da ka sha rana kana tarawa, da gyaran da sufabaiza ya sa ka yi har sau uku. Sau da yawa ba mugunta ba ce daga wajen mai gyaran. Fomatin shi ne aiki mafi sauri, ga mutum biyar a layi, kuma shi abin da aka biya shi ya yi shi ne kwamfuta ta tashi. Amma kwamfutar da ta tashi wayam babu komai a cikinta, wallahi ba ta da amfani ga wanda difens ɗinsa saura mako biyu.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, idan Windows ta ƙi tashi, ba lallai ne fayilolinka sun tafi ba. Windows da fayilolinka duk suna zaune ne a faifan ajiya ɗaya, amma kowa da wurinsa. Idan wani ɓangare na Windows ya lalace, saboda wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta ta, ko bairos ya ci wani fayil da take buƙata, to takardunka suna nan inda ka bar su, hanyar isa gare su ce kawai ta toshe. Maganin wannan shi ne ka tayar da kwamfutar da wata babbar manhajar daban, wadda ba ta cikin faifan, wadda ke zaune a filash. Ka soka filash, ka kunna kwamfuta, ka ce mata ta tashi daga filash ɗin maimakon faifanta. Sai ka ga wani sabon allo ya buɗe, ga foldojinka nan a jere, ka kwashe su. Ba ka saka komai a cikin kwamfutar ba, ba ka goge komai ba. Ka zare filash, ta koma yadda take.

Ni dai ba mai gyara ba ne. Amma da yake ina sashen kimiyyar kwamfuta, mutanen hostal sun riga sun yanke hukunci cewa duk wanda ke sashenmu injiniya ne, ko da kuwa jiya ya shigo. Tun ina cewa ban iya ba har na gaji, na fara neman sani. Da na shiga neman wace manhaja zan zuba a filash, sai na tarar suna da yawa har sun yi yawa, kowace da masu kare ta kamar ƙungiyar ƙwallo. Don haka na zauna na rubuta wa kaina abin da nake so, bisa irin kwamfutocin da ake kawo mini, ba irin waɗanda ake nunawa a bidiyo ba.

Su kuwa kwamfutocin da ake kawo mini, kun san su. Tsofaffin HP da Dell da Lenovo ne da suka yi rayuwarsu ta farko a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso hannunmu. Wasu RAM ɗinsu gigabait 4, wasu 2. Batirin wata ba ya riƙe minti goma. Wata ma akwai maɓalli biyu ko uku da ba sa aiki. To ka ga sharaɗina na farko ke nan: manhajar ta iya tashi a kan mafi raunin kwamfutar da za a kawo. Na biyu, kada sauke ta daga intanet ya cinye mini datar wata guda. Na uku, kayan aikin su zo a cikinta, don ranar da ake buƙatarsu ba lallai ne akwai intanet ba. Na huɗu, wanda daga baya na gane shi ne babba, ta zama abin da zan iya sarrafawa ko da mai kwamfutar na tsaye a kaina yana salati.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe mai suna Klaus Knopper ya fitar da Knoppix a shekarar 2000, wato Linux da ke tashi daga faifan CD ba tare da an saka ta a kwamfuta ba, kuma ita ce ta sa abin ya yaɗu a duniya. Daga nan ne masu gyara suka fara yawo da faifai a jaka. Yau yawancin laftof ba su ma da wurin saka CD, filash ya maye gurbinsa, amma tunanin bai sauya ba.

Da na ji ana cewa "mara nauyi", sai na fara da mafi ƙanƙanta, wato Tiny Core, wadda Robert Shingledecker ya fara a 2009. Duka-duka ba ta kai megabait 30 ba, ba ta kai bidiyon barkwanci ɗaya da ake turowa a WhatsApp ba. Tana tashi kafin ka gyara zama. Abin sha'awa ne, kuma ina ba duk ɗalibin sashenmu shawara ya yi wasa da ita don ya ga yadda ake gina Linux daga tushe. Sai dai ƙanƙantar tata ta samu ne saboda an cire kusan komai. Kusan duk kayan aikin da kake buƙata sai ka sauke shi daga intanet bayan ta tashi, ita kuma laftof ɗin da ke gabanka wataƙila Tiny Core ba ta ma gane na'urar Wi-Fi ɗinta ba. Ga mai ceto wannan ba sauƙi ba ne, kamar a ba ka jakar magani mara nauyi ne saboda babu magani a ciki. A nan na fahimci cewa ƙanƙanta kaɗai ba ita ce abin nema ba.

Sai na koma ɗaya gefen, wato manyan nan da kowa ya sani, Ubuntu da Linux Mint. Su ma suna tashi daga filash, kuma suna da kyau ƙwarai wajen gane kayan cikin kwamfuta. Allonsu ya yi kama da abin da muka saba, ba sai an koya maka inda za ka danna ba. Matsalarsu nauyi. Mint ta kusa gigabait 3, Ubuntu ta yanzu ta wuce 5. A laftof mai RAM gigabait 2, daga filash mai arha, za ka danna folda ka je ka sha ruwa ka dawo ba ta buɗe ba. Ga kuma wani abu: manyan sun daina kula tsofaffin kwamfutoci masu tsarin 32. Mint ta daina tun fitowarta ta 20 a shekarar 2020, Ubuntu ma ta riga ta. Irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci sun yi ƙaranci, amma ba su ƙare ba, musamman ƙananan nan da ake kira mini, da tsofaffin na tebur da ke shagunan buga takardu.

A tsakiya na samu abin da nake nema, kuma guda biyu ne. Ta farko ita ce Puppy Linux, wadda wani mutumin Ostireliya, Barry Kauler, ya fara a 2003, yanzu kuma jama'ar sa-kai ke ci gaba da ita. Ba ta kai gigabait ɗaya ba, kuma tana da nau'in 32 da na 64. Abin da ya sa na so ta shi ne tana kwashe kanta gaba ɗaya ta zuba a RAM idan wurin ya isa, don haka da zarar ta tashi gudu take yi ko a tsohuwar kwamfuta. Sannan a ƙasan allonta za ka ga hoton kowane ɓangare na faifai, da sunaye irin su sda1 da sda2. Ka danna ɗaya, ya buɗe, ka nemi foldar Users, ka shiga sunan mai kwamfutar, ga Desktop, ga Documents, ga Downloads. Shi ke nan fa. Yawancin aikin da ake kawo mini a nan yake ƙarewa, don yawancin matsalolin na Windows ne, faifan lafiyarsa ƙalau.

Puppy tana kuma maganin wani ciwo da ya addabi kowa a makarantar nan, wato bairos ɗin nan na shagon buga takardu da ke mayar da foldojin filash ɗinka su zama gajerun hanyoyi marasa komai. Mutane na ganin haka su ce an cinye musu komai. Ba a cinye ba, ɓoye su ya yi, ya sa musu alamar da Windows ke girmamawa. Ita Linux ba ruwanta da wannan alama, kuma bairos ɗin da aka rubuta don Windows ba ya aiki a cikinta. Za ka ga fayilolin a fili, ka kwashe naka, ka bar masa tarkacensa, sannan ka wanke filash ɗin.

Ta biyu ita ce SystemRescue, ta wani Bafaranshe, François Dupoux. Wannan an gina ta ne musamman don ceto, girmanta wajen gigabait ɗaya, sai dai sababbin fitowarta na kwamfuta mai tsarin 64 ne kawai. Gaskiya ba ta da fara'a. Idan ta tashi baƙin allo za ta ba ka da ɗan layi yana ƙyaftawa, sai ka rubuta startx kafin ka ga abin da za ka danna da linzami. Amma duk kayan da ake buƙata a mummunar rana suna ciki: GParted na duba yadda aka rarraba faifai, smartctl na tambayar faifan lafiyarsa, ddrescue na kwafe faifan da ke gargara, TestDisk da PhotoRec na nemo abin da ya ɓace, da Memtest86+ na gwada RAM. Puppy nake fara sokawa. Idan na ga alamun cewa faifan ne da kansa ke ciwo, sai in kashe in koma SystemRescue.

Bari in ba da misali, don a ga bambancin. A zangon da ya wuce wata ɗalibar sashen akanta ta zo da laftof ɗinta, difens saura kwana tara. An riga an gaya mata kalmomin nan biyu a waje, ta ƙi yarda, wata ƙawarta ta turo ta wurina.

"Injiniya, don Allah ka taimaka. Komai nawa na ciki, har da kwashinniyar da na raba wa mutum ɗari biyu," in ji ta.

"Hajiya, ba kya da kwafi a imel ko a waya?"

"Babi na ɗaya da na biyu kawai na taɓa tura wa Malam."

Na tayar da ita da Puppy, foldoji suka fito, har ta fara hamdala. Amma da na fara kwafa sai abin ya tsaya cik, kuma da na kara kunne kusa da laftof ɗin sai na ji wani ɗan ƙas-ƙas yana maimaituwa. Wannan ƙara a tsohon faifai mai juyawa ba alheri ba ce. Na dakata nan take, na koma SystemRescue, na tambayi faifan da smartctl. Lambobi biyu ake fara dubawa a rahoton, ta 5 da ta 197. Ta 5 tana ƙirga wuraren da suka lalace har faifan ya sauya su da wasu, ta 197 kuma wuraren da ya kasa karantawa yana jiran hukunci. A lafiyayyen faifai sifili ake so a gani. Nata duka biyun sun yi nisa da sifili.

Faifai irin wannan, duk minti ɗaya da ya yi yana juyawa ƙara kusantar kabari yake yi. Kwafa ta yau da kullum idan ta ci karo da wurin da ya lalace sai ta tsaya tana ta maimaita karanta shi, tana ƙara gajiyar da faifan. Shi ddrescue akasin haka yake yi. Yana fara kwashe duk wuraren da ke da lafiya da sauri, ya tsallake masu ciwo, sai a ƙarshe ya dawo yana lallaɓa su. Yana kuma rubuta inda ya tsaya a wani ɗan fayil, ta yadda ko wuta ta ɗauke za ka ci gaba daga nan, ba sai ka koma farko ba. A garin da wuta ke zuwa da tafiya yadda ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Muka ari faifan waje daga wani ɗan ajinmu, aikin ya kwana yana tafiya, rabi da wutar gari rabi da janareton maƙwabta. Da safe muka buɗe kwafin, ba ainihin faifan ba, muka samu babi huɗun cif da teburin alƙalumanta. Wasu hotuna da waƙoƙi ne suka tafi. Da an yi fomatin a wannan faifai, da an yi asara biyu: aikinta ya tafi, sabuwar Windows ɗin ma ba za ta daɗe a kansa ba.

Gargaɗi ɗaya game da ddrescue, kuma ina roƙon duk wanda zai gwada ya karanta shi sau biyu. Ana rubuta masa sunan faifan da za a kwafo daga gare shi, sannan sunan inda za a zuba. Idan ka juya su, zai kwashe wayam ɗin da ke sabon faifai ya shafe na mai aikin da shi, kuma ba ya ja da baya. Kafin ka danna komai, rubuta lsblk ka ga jerin faifan da girman kowanne, ka tabbata wane ne wane. Idan zuciyarka na rawa, ka kira wanda ya fi ka sani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haka nan idan fayil aka goge bisa kuskure, ko an riga an yi fomatin ɗin, akwai sauran fata a faifai mai juyawa. Gogewa ba ta share abin nan take, tana dai sa alama ne cewa wurin ya zama fili, kowa na iya gini a kai. PhotoRec, wanda Christophe Grenier ya rubuta tare da TestDisk, yana bin faifan yana shinshino fayiloli ta hanyar gane siffar farkonsu. Zai dawo maka da dubbai, ba sunayensu na asali, ba foldoji, sai ka zauna kana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne ka daina amfani da kwamfutar tun daga lokacin da abin ya faru, kuma abin da aka ceto a zuba shi a wani faifan daban. Duk fim ɗin da ka sauke bayan nan, wataƙila a kan babi na uku ya zauna.

Ban da ceto, filash ɗin nan alƙali ne mai raba gardama tsakanin ciwon manhaja da ciwon ƙarfe. Wani zai ce Wi-Fi ɗinsa ya mutu, ko sauti ya ɗauke, ko kwamfuta na kashe kanta. Ka tayar da ita da Linux ka bar ta ta yi awa guda tana aiki. Idan komai ya tafi daidai, to ƙarfen lafiya lau, matsalar na cikin Windows, kada ya yarda a sayar masa da sabon kaya. Idan a Linux ma ta ɗauke bayan minti ashirin, kuma gindinta ya yi zafi kamar dutsen guga, to a buɗe ta a duba fanka, don ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu ba sa raga wa laftof. Idan shuɗin allo ke zuwa ba lokaci ba dalili, a sa Memtest86+ ya zagaya RAM aƙalla sau ɗaya cikakke. Jan layi ko ɗaya ya fito, RAM ce, kuma fomatin sau goma ba zai warkar da ita ba. Sai dai a lura, wani lokacin Linux ce ba ta da direban Wi-Fi na wannan laftof ɗin, musamman masu na'urar Broadcom, don haka kada a yi saurin yanke hukunci. Idan ana buƙatar intanet a lokacin, a haɗa waya da kebul a kunna raba data ta USB, yawanci nan take take kamawa.

Wani zai tambaya, to dole sai Linux? A'a. Akwai Hiren's BootCD PE, wadda aka gina a kan ƙaramar Windows, kuma tana da amfani idan gyaran hanyar tashin Windows ɗin kanta ake so a yi. Tana da nauyi, tana son RAM mai ɗan yawa, don haka ba da ita nake farawa ba. Akwai kuma antiX ga wanda Puppy ba ta kwanta masa ba, ita ma tana tafiya a tsofaffin kwamfutoci. Abin daɗi shi ne yanzu ba sai ka sayi filash huɗu ba. Tun 2020 akwai Ventoy: ka saka shi a filash sau ɗaya, daga nan sai dai ka riƙa kwafo fayilolin ISO kana zubawa kamar yadda kake zuba waƙa, idan ka tayar da kwamfuta ya jero maka su ka zaɓa. Filash mai gigabait 16 ya ishe ka. Amma kada wannan ya sa ka tara guda goma sha biyar da ba ka taɓa buɗe ko ɗaya ba. Biyu da ka sani ciki da waje sun fi su.

Akwai kuma inda filash ba ya kaiwa, kuma gara a sani tun yanzu. Sababbin laftof da yawa, musamman masu Windows 11, suna zuwa da faifansu a kulle da BitLocker, wani lokacin mai ita bai ma san da haka ba. Idan ka tayar da irin wannan da Linux, ba za ka ga komai ba sai da mabuɗin ceto, lamba ce mai alƙaluma 48, wadda galibi ke ajiye a asusun Microsoft da aka shiga da shi a kwamfutar. To wa ya buɗe asusun? Idan mai shagon da ya sayar maka ne ya buɗe da imel ɗinsa, ka ga inda matsalar take. Ka duba wannan yau, ka kwafe lambar a takarda. Na biyu, sababbin faifan SSD suna share abin da aka goge da gaske cikin ɗan lokaci, don haka PhotoRec ba ya cika samun komai a cikinsu. Na uku, bairos ɗin da ke kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, wanda ya fi shigowa ta manhajojin sata da muke saukewa kyauta, Linux za ta nuna maka fayilolin amma ba za su buɗu ba. Idan kuwa laftof ɗin ba ta kawo wuta sam, filash ba shi da aiki. Sai a ciro faifan, idan mai ciruwa ne, a saka shi a ɗan akwatin USB a karanta shi a wata kwamfutar.

Ko tayar da kwamfuta daga filash ɗin ma yana da 'yan dabarunsa. Kowane kamfani da maɓallinsa: yawancin HP F9 ne, Dell da Lenovo F12, Asus kuma galibi Esc. Ana dannawa ne da zarar an kunna, kafin tambarin kamfani ya wuce. Wasu kwamfutocin za su ƙi filash ɗin sai an shiga saitinsu an kashe Secure Boot. A nan ma a yi hattara, domin a kwamfuta mai BitLocker taɓa wannan saiti kan sa Windows ta nemi lambar nan mai alƙaluma 48 a tashi na gaba. Ƙa'idata ita ce duk saitin da zan sauya sai na ɗauki hotonsa da waya tukuna, in na gama in mayar da shi yadda na same shi.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Kalmar sirrin da kake sakawa kafin Windows ta buɗe, ita Windows kaɗai take tsarewa. Idan faifan ba a kulle yake ba, wanda ya tayar da kwamfutarka daga filash ya wuce ta gefen wannan kalma, yana ganin komai: hotunan gida, takardun asibiti, saƙonni, duk abin da ka ajiye kana ganin ba mai gani. Wato duk wanda ya riƙe irin wannan filash amana ya riƙe. Ni dai ba na buɗe kwamfutar kowa sai mai ita na zaune kusa da ni, shi zai nuna foldar da za a kwafa, kuma ba na leƙa abin da ba a sa ni ba. Idan faifan aro muka yi amfani da shi, to kafin a mayar wa mai shi sai an kwashe an goge a gaban mai aikin. Wanda kuma ya zo mini da laftof yana cewa ta yayansa ce ya manta kalmar sirri, amma yana waige-waige, sai in ce ya zo da yayan. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izininsa ba, amma ko babu doka, mun san abin da addini da tarbiyya suka ce game da leƙen asirin mutane. 'Yan'uwa mata musamman, idan za ku ba da laftof gyara, ko wurin wa, ku zauna a wurin ko ku tura wanda kuka yarda da shi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan za ka haɗa naka filash ɗin, ka haɗa shi yanzu da kwamfutarka ke lafiya. Ka sayi mai kyau, don akwai na jabu da ke nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba, kuma sai ka zuba kaya ya wuce iyakarsa ta gaskiya sannan zai fara cinye su a ɓoye. Ana gane shi da ɗan gwajin H2testw a Windows ko f3 a Linux. Ka sauke manhajojin daga shafukansu na asali. Ka gwada filash ɗin a laftof uku ko huɗu na abokanka, ka koyi nemo foldar Users, ka koyi kwafa, har hannunka ya saba. Ka keɓe shi don wannan aiki kaɗai, kada ka kai shi shagon buga takardu.

Ina kuma da roƙo ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai da na ƙungiyoyin sassa. Filash biyu da faifan waje guda ɗaya ba su kai kuɗin rigunan makon al'adu ba. A ajiye su a ofishin ƙungiya, a samu ɗalibai uku ko huɗu amintattu, maza da mata, a koya musu, a sanar cewa duk wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi a lokacin furojet ya biyo ta nan kafin ya tafi kasuwa. Kai kuma mai karatu, kafin ka ajiye mujallar nan, buɗe imel ɗinka ka tura wa kanka furojet ɗinka yadda yake a yau, ka kuma mayar da hakan al'adar kowace Juma'a. Wanda ya yi haka, ko an ce masa "sai fomatin", abin da zai tambaya kawai shi ne nawa ne kuɗin aikin.